Hayaƙin Tsohuwar Baruwa

Tun da na dawo daga tafiyar nan ta bakin Komadugu, ƴan fadarmu ta shayi ba su bar ni na kurɓi kofi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna sai wani ya ce, "To, mai awon hayaƙi, da tiya ka auna ko da buhu?" Ni kuma in zuba musu na ban dariya: yadda mota ta kafe, yadda na kusa faɗawa ruwa da takalmin buro, wato na zuwa ofis. Wanda ban taɓa ba su ba shi ne labarin Ba Kolo, tsohon makanikin Baruwa, da injinsa da aka rufe saboda takardar da na rubuta da hannuna. Yau zan faɗe shi duka, daga fita har dawowa, don masu tambaya su huta ko da ni ban huta ba.

Kamfaninmu ƙarami ne. Muna da injinan wuta masu shan gazuwal, wato man dizal, a wasu ƙauyuka, sai wani babba a nan Diffa da ke zaman jiran ko-ta-kwana, tunda garin wutar layi yake sha daga Najeriya. Ni ne mai rubuce-rubucen buro. An ce Faransancina ya fi na kowa a wurin, ni ma kuwa na yarda da haka fiye da yadda ya kamata.

A shekarar da wayar salula ta fara yawa a hannun ƴan kasuwar tattasai, Turawan da suka sa hannu cikin kamfanin suka ce kowace shekara sai an ba su rapor, wato rahoton irin iskar da injinanmu ke fitarwa, wadda aka ce tana ƙara wa duniya zafi. Aka tura ni Yamai koyon aikin na kwana biyu. Abin da na riƙo a can bai da wuya: iskar da ake nufi ba baƙin hayaƙin da ido ke gani ba ce, ba a ma ganinta. Ka san litar gazuwal ɗin da inji ya sha, ka ninka da wata lamba da suka ba mu, aiki ya ƙare. Sai dai a ƙasan takardar akwai wani fili da aka ce a rubuta abin da aka lura da shi. Darekta kuma ya miƙo mini kyamara da fim ɗaya tak, ya ce, "Mutari, Turawa na son hoto. Kawo musu abin da za su kalla."

Da Ngelbeli muka fara, ni da Ari direba, Babarbare mai bakin tsiya da kyan zuciya. Bayan mun bar kwalta a Maine ba mu yi nisa ba mota ta nutse cikin rairayi har ciki. Wasu Fulani makiyaya suka zo suka tsaya a kanmu da sandunansu, da suka ji harshen Ari sai suka ce ai ba za su tura motar Babarbare ba sai ya amsa da bakinsa cewa su ne iyayengijinsa. Ari ya rantse gara ya shekara a nan. Aka yi ta wasan tsakaninsu, ni ina zufa, har dai ya amsa da rabin baki, suka tura mu suka kuma ba mu nono. A nan na kashe hoto huɗu kan raƙuma, ni da na girma ina ganin raƙuma a kasuwar Damagaram.

Mai kula da injin Ngelbeli ba shi da littafi. Ya ce in ina son sanin man da aka sha sai in ƙirga tanon da ya ƙare, wato gangunan mai. Tanon kuwa duk mata sun are su suna tara ruwa. Haka muka bi gida gida muna sallama muna leƙen tano. Wata tsohuwa ta rufe nata da tabarma ta zauna a kai, ta ce ita ba ta taɓa ganin tano ba tun da aka haife ta. Muka ƙirga har da nata.

Muka koma Diffa muka kwana, washegari muka nausa gabas, muna bin kogi. Damina ta ɗauke ke nan, Komadugu ta cika, tattasai ya kama ƙasa ya yi kore shar. Da azahar muka shiga Baruwa.

Ba Kolo ya tarye mu a ƙofar santiral, wato ɗan ɗakin kwanon da injin yake ciki. Dogo ne siriri, gemu fari, hannuwa baƙi wuluk da man inji, don haka da na miƙa hannu sai ya ba ni wuyan hannunsa. Mu mutanen Damagaram muna ganin mun iya gaisuwa, amma a gaban Barebari ɗalibai ne mu. Sai da aka durƙusa, aka yi ta "wushe, wushe, lale", aka tambayi gida da gajiya da rana da waɗanda na baro, har gwiwata ta fara ƙara. Matarsa Ya Falmata ta aiko da burabisko da miyar bandar kifi, man shanu na yawo a kai. Aka sauke mu a wani ɗaki jikin santiral da ta turara da turaren wuta, ƙamshin ya haɗu da warin gazuwal ya zama wani abu da har yau in na tuna sai in ji shi a hancina.

Bayan mun ci sai ya ɗauko wani littafi irin na ƴan lakkol, wato makarantar boko, ya buɗe a gabana. Kowace rana da layinta cikin ajami: ƙarfe nawa aka tada, ƙarfe nawa aka kashe, lita nawa aka zuba. Babu ranar da ya tsallake. Kafin shayin farko ya nuna na kwashe duk abin da takardata ke nema. Da a nan na rufe jakata na ce wa Ari mu juya, da yau ba ni da abin faɗi sai labarin tano.

Amma Ba Kolo ba zai bar baƙon buro ya tafi bai ga Tsohuwa tana aiki ba. Haka yake kiran injin. Ya ce tun yana da baƙin gemu suke tare. Ita ke juya babban famfon da ke ɗebo ruwa daga kogi zuwa gonar haɗin gwiwa, inda marasa ƙarfin sayen motopom, ƙaramin injin ban ruwa, nasu na kansu ke da ƴan fegi, yawancinsu tsofaffi da matan da mazansu suka rasu. Ita ke riƙe da firjin asibitin garin, ita ke ba da ƴar wuta bayan magariba. Da aka sallame la'asar ya wanke fuska, ya zura babbar riga a kan kayan aikinsa saboda hoto, ya yi bisimilla ya tada ta.

Ta yi tari, ta girgiza kwanon ɗakin, sannan ta tura wani baƙin hayaƙi sama, miƙe sambal, ya tsaya a kan koren tattasai. Nan da nan na ga mutane suna fitowa daga gidaje da fartanya a kafaɗa. Ashe hayaƙin nan shi ne agogonsu, da sun hango shi sun san ruwa na tafe, kowa ya je ya buɗe bakin kwalbatinsa. Na ja da baya na ɗauki hoton: tsoho cikin farar riga, hannunsa a kafaɗar inji, baƙin hayaƙi a bayansu. Ina latsawa na san na samu abin da Darekta ke so.

Da ƙarar ta daidaita ya jawo ni gefe. "Ɗana, kar ka ga baƙin nan ka ce ta tsuhwa. Lahiyarta lau. Anjekta ne suka gaji, masu hwesa mai cikin cikinta. Na rubuta ma buro har sau uku."

Na san inda takardun nan suke. Suna kan teburina, ƙarƙashin wasu. Ajami ne, na iya karanta shi sarai tun makarantar allo, amma a lokacin nan ina ganin takardar da ba ta zo da Faransanci ba za ta iya jira. Na ɓoye masa wannan.

Ya sake cewa, "Wanga takarda taku, ta alheri ce ko? Abu guda nika roƙo, kar a raba ni da Tsohuwa. In ta tsaya wata guda, tattasan mutanen ga ya mutu."

Na ce, "Haba Ba, kwantar da hankalinka. In suka ga hoton nan, kayan gyara za su aiko maka."

Ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe yana jin maganar buro. Ya ce shi dai ya gaji da jira. Manoma sun haɗa masa buhu biyu na busasshen tattasan bara, gobe kasuwar ƙetaren kogi, ta ɓangaren Najeriya, ke ci, zai je ya musanya su da anjekta. In ina so in zo in buɗe ido.

Da hantsi muka sauka bakin kogi. A nan iyakar ƙasa ba wani shinge ba ce, ruwa ne kawai, da mai kwalekwale da ke kai mutane yana dawowa kamar mai kai su gona. Na shiga da takalmin buro, santsi ya kwashe ni, sai da wata mai tallan kifi ta cafko rigata. Da na samu wurin zama sai na miƙa wa Ari kyamara na ce ya ɗauke ni. Ya ɗauka. Na ce ban shirya ba, ya sake. Na karɓi abin tuƙi daga hannun mai kwalekwale na ce ya ƙara ɗaya. Ban kalli ƴar tagar da ke nuna saura nawa ba.

A ɗaya gaɓar wani jami'i na zaune gindin bishiya da benci. Ba Kolo ya gaishe shi kamar maƙwabci ya wuce, ni kuwa sai na zaro takardar izinin tafiyata mai hatimi biyu, don a san ba ɗan kasuwa ba ne ni. Ya jujjuya ta, ya ce, "Oga, wannan Faransanci ne. Mene ne aikinka?"

Na ce, "Rahoton hayaƙin injinan wuta nake haɗawa."

Ya dube ni, ya waiga ya dubi kasuwa, ya fashe da dariya. "To bismilla, fara daga can bakin layi. In ka gama bana ka zo in sa maka hannu."

Gaskiyarsa. A can kowane shago da ɗan janaretansa a ƙofa, mai aski da nasa, mai walda da nasa, mai ƙanƙara da nasa, duk suna kururuwa lokaci guda, sai ka ɗaga murya kafin a ji sallamarka. Mu a gida in wuta ta ɗauke sai mu shimfiɗa tabarma a waje mu jira kamfani. Su kowa kamfanin kansa ne, ba kuwa wanda ke bin su da takarda. Shayinsu ma ba irin namu ba ne na ƙananan kofuna uku. Kofi ne guda kamar na wanka, da madara da rabin burodi, ka sha a tsaye ka ba wani wuri.

Mai kayan injin wani ɗan ƙabilar Ibo ne da ke zuba Barbarci kamar a garin Boso aka haife shi. Ba Kolo ya ƙi kwali na farko da na biyu. Yakan ɗaga anjekta ya duba bakinsa a hasken rana, ya hura, ya kara a kunne. Sai a na uku ya gyaɗa kai. Buhunan tattasai suka koma bayan shago, muka kamo hanya.

A cikin kwalekwale ne na yi masa bayanin aikina da kyau, cewa ba baƙin hayaƙin ake ƙirgawa ba, wata iska ce da ba a gani. Da muka kusa gaɓa sai ya ce, "To in ba a ganinta, hoton na mi ne?" Na yi dariya na ce al'adar Turawa ce. Tambayar nan ta fi duk abin da aka koya mini a Yamai, ban dai tsaya na saurare ta ba.

Washegari tun da safe ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya kwance tsofaffin anjekta ya jera, ya wanke kowace ƙusa cikin gazuwal kamar mai wa jariri wanka. Bai ci abincin rana ba. Da la'asar ya tada ta. Ta yi ɗan tari, ta fitar da wani siririn hayaƙi, sai ya washe. Ƙararta ma ta canza, ta koma sumul.

Muna tsaye sai ga wata dattijuwa ta taho da faɗa, wai yau lafiya ba a tada inji ba, rana na faɗuwa? Ashe ba wanda ya fita gona, kowa na gida yana jiran hayaƙi, ruwa kuwa tuni ya cika kwalbati yana malala kan hanya. Ba Kolo ya yi dariya har da hawaye. Ya ce daga gobe sai dai a nemo ƙarfe a riƙa bugawa. Sannan ya shiga ya zuro babbar rigarsa, ya tsaya inda ya tsaya shekaranjiya, ya ɗora hannu a kafaɗarta.

"Yanzu ɗauke mu, ɗana. Wanga shi za ka kai musu."

Na ɗaga kyamara, na latsa, ta ƙi. Fim ya ƙare a cikin kwalekwale. Ga tsoho ya ƙame yana murmushi, ga mutane sun taru. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na kara ta a ido na ɗan jima, na sauke na ce, "Ya yi kyau, Ba." Ari ne kaɗai ya gane. Ya kalle ni, ya juya ya tafi duba tayoyin mota.

Da muka dawo Diffa na zauna na cike takardu. Layin Diffa a takardar kusan fayau yake, duk da fankoki da firjin garin, don hayaƙin wutar layi a wata ƙasa yake tashi, ba a takardarmu ba. Baruwa kuwa da injinta guda sai ta fito a sama, saboda ita ce ke aiki kullum, kuma ita ce mai littafin da bai ɓoye ko lita ɗaya ba. Da na zo filin abin da na lura da shi sai Faransanci ya motsa. Na rubuta yadda baƙin hayaƙi ke tashi ya rufe koren kwari, na maƙala hoton. Ban rubuta cewa an gyara Tsohuwa ba. Na ce wa kaina zan aika da ƙarin bayani daga baya. Gaskiyar ita ce layin nan guda zai rage wa rubutuna armashi, kuma zai sa a tambayi dalilin da ya sa manoma suka sayi anjekta da tattasansu alhali an rubuto wa buro sau uku. Darekta ya karanta ya ce bai taɓa ganin rapor mai daɗin wannan ba. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya yafe mini.

Da sanyi ya shigo sai ga rahoton kamfani an bugo shi a Yamai da takarda mai sheƙi, Ba Kolo da Tsohuwa a bango. Tare da shi aka aiko umarni: a tsayar da injin Baruwa, za a kawo sabo mai tsabta idan an shirya. Na ruga wurin Darekta na ce ai an gyara ta, a gabana, ba ta hayaƙi yanzu.

Ya ce, "A ina ka rubuta?"

Na ce ban rubuta ba.

"Kana da hoto?"

Na ce babu. Ya ce to shi ba zai aika wa Yamai cewa bangon littafinsu ƙarya ba ne a kan maganar baki. Na rubuta ƙarin bayanin a ranar, shafi biyu. Ina jin yana kan teburin wani, ƙarƙashin wasu takardu.

Ranar da za a je rufewa na ce zazzaɓi nake yi. Ari ya kai ma'aikatan da aka tura. Ya ce Ba Kolo bai yi musu ba, ya dai roƙi a bar shi ya goge ta tukuna, sannan suka ɗaura mata waya suka matse da hatimin dalma. Tattasan gonar haɗin gwiwa yana cikin fure na biyu a lokacin. Masu ɗan ƙarfi suka yi hayar ƙananan motopom masu shan fetur ɗin ƙetare, Ari ya ce yanzu in ka bi bakin kogin hayaƙi ya fi na da. Marasa ƙarfi suka ɗebi ruwa da bokiti har suka gaji suka bari. Sabon injin har yau yana hanya. A takardarmu ta bana kuwa hayaƙin kamfani ya ragu sosai, an ma aiko mana da wasiƙar yabo.

Makon jiya, ranar kasuwa, ina buro da safe aka ce ina da baƙo. Ba Kolo ne, ya biyo motar tattasai. Muka yi gaisuwar nan doguwa, ban iya ɗaga ido ba. Rahoton na kan teburi. Ya ɗauka ya daɗe yana kallon bangon, ya shafa shi da yatsa.

"Wanga na hwarko ne," in ji shi. "Ina na biyun, wanda ba ta hayaƙi? Na san kuskure aka yi wurin aikawa. Ba ni shi, ni zan kai musu Yamai da ƙahwata."

Na jawo aljihun teburi na fito da ambulan ɗin hotunan tafiyar. Na ce, "Ba, babu na biyu. Fim ya riga ya ƙare. Ban ɗauka ba, kunya ta sa na ce maka ya yi kyau. Gyaran ma ban rubuta ba."

Ya karɓi ambulan ɗin ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya: raƙuma, tano, sai ni cikin kwalekwale, ni cikin kwalekwale, ni da abin tuƙi a hannu. Ya jera su daidai ya mayar.

"Ka yi kyau cikin jirgin, ɗana."

Ya tambaya ko zai iya tafiya da littafin, don bai da wani hoton nasu tare. Na ce ya ɗauka. Ya miƙe, ya sa shi cikin aljihun babbar riga, ya miƙo mini hannu. Wannan karon ba wuyan hannu ya ba ni ba, tafin ya ba ni gaba ɗaya, fes da shi, babu baƙin mai ko a ƙarƙashin farce.